Samanja da Mai Horar da Kurata: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Nake Gyara Su

Duk wanda aikinsa ya haɗa da duba rubutun matasa masu fassara labarai, ko masu rubuta littattafan hikaya, ko masu shirya wasan kwaikwayo na rediyo, ya san cewa da zarar soja ya shigo cikin labari sai kalmomi su fara kuɓuce wa marubuci. Wadda ta fi shan wahala a cikinsu ita ce samanja. Wani ya ɗauke ta sunan duk sojan da ke daka wa kurata tsawa a filin fareti, wani ya ɗauke ta ƙanwar manjo, wani kuma ya mayar da ita zagi, yana liƙa wa kowane mugun mutum. Na gaji da ja mata layi da jan biro a rubutun mutane daban-daban alhali kuskuren iri ɗaya ne, shi ya sa na ga gara in tattara gyaran wuri guda.

Samanja kalmar aro ce daga sergeant major na Turanci, kuma ta ƙofar bariki ta shigo Hausa. Tun daga 1863, lokacin da wani hafsan Ingila mai suna Glover ya haɗa 'yar rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover a Legas, zuwa rundunar kan iyaka ta Afirka ta Yamma da Lugga ya fara haɗawa a 1897, Hausa ce harshen da Bature hafsa da sojansa suka fi fahimtar juna da shi, don haka sunayen muƙamai suka narke a bakin sojoji suka zama namu. Wanda ya shiga soja ta Dafo na Zariya, wurin horar da sababbin sojoji wanda aka kafa a 1924, yana farawa ne a matsayin kurtu. In ya gama horon wata shida ya zama farabiti, daga nan laskofur mai igiya ɗaya, kofur mai igiya biyu, saje mai igiya uku, sannan sitaf saje. A saman wannan tsani ne samanja yake, shi ne babba a cikin sojojin da ba hafsoshi ba. Akwai samanjan kamfani, akwai kuma babban samanja na bataliya, wanda 'yan bariki ke kira RSM, kuma shi ne idon kwamanda da kunnensa a kan ladabi, tsabta, kiyaye lokaci, gadi, fareti, har ma da zaman lafiyar iyalai a layukan bariki, inda yake aiki kafaɗa da kafaɗa da magajiya, shugabar matan sojoji.

Kuskure na farko, wanda kuma ya fi kowane ƙona mini rai, shi ne haɗa samanja da manjo. Ƙarshen kalmomin biyu ya yi kama a kunne, sai sabon marubuci ya zaci ɗaya ce, ko kuwa samanja gajeren manjo ne. Ba su ma kan tsani ɗaya. Manjo hafsa ne, wato yana cikin waɗanda ke riƙe da takardar hafsanci daga shugaban ƙasa, waɗanda suka fara daga anini ɗaya a kafaɗa, suka yi biyu, suka yi uku a matsayin kyaftin, kafin a ɗora musu mikiya. Yawancinsu ta makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, wato NDA, wadda aka buɗe a 1964, suka fito. Samanja kuwa ta cikin kurata ya taso, ya yi shekaru yana hawa igiya bayan igiya. A dokar soja, ƙaramin laftanan da ya fito makaranta jiya yana gaba da samanjan da ya haife shi, ko da yake laftanan mai hankali ba ya ɗaga ƙafa a kamfaninsa sai ya ji ta bakin samanja.

Wannan kuskure ya taɓa cin kuɗina da mutuncina, don haka ba da wasa nake maganarsa ba. Wata ƙungiyar tsofaffin sojoji ta ba ni aikin mayar da taƙaitaccen tarihin wasu dattawanta zuwa Hausa, domin a buga ɗan littafi a raba ranar taron karrama su. Yaron da ke taimaka mini ya ga muƙamin ɗaya daga cikinsu da Turanci, ya rubuta Manjo a gaban sunansa, ni kuma na duba na wuce, har ma a raina ina ganin in da kuskure, ai na ƙarin girma ne. Aka buga. Da littafin ya isa hannun dattijon, sai ya aiko a kira ni. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, Allah ya huci zuciyarka, ai ɗaga ka aka yi." Bai ɗaga murya ba. Ya fahimtar da ni cewa a wurin soja babu abin kunya kamar a gan shi da muƙamin da ba a ba shi ba, cewa abokansa da suka ci kwakwa tare za su zaci shi ya faɗa mini haka, kuma na cire masa sunan da ya yi fiye da rabin rayuwarsa yana nema, na manna masa wanda bai taɓa roƙa ba. Da kuɗin aljihuna aka sake buga littafin, ƙungiyar kuma ba ta ƙara kawo mini aiki ba. Tun daga ranar, duk rubutun da muƙamin soja ya fito a ciki, ba ya barin teburina sai na tambayi abu ɗaya: igiya mutumin nan ya ɗaura a hannu, ko anini a kafaɗa? In ba wanda zai iya amsa mini, sai in sa a kira mai sunan ko iyalinsa. Wasu abokan aiki suna ganin ɓata lokaci ne, ni kuwa na san abin da rashin yin hakan ya jawo mini.

Wanda yake son ya ga nisan da ke tsakanin tsanin nan biyu, ya dubi Chari Maigumeri. Ya fara soja a ƙarƙashin Jamusawa a Kamaru, daga baya ya shiga rundunar Ingila, ya yi yaƙi a Habasha da Bama, ya zama samanjan da babu wanda bai san sunansa ba a rundunar Nijeriya. Da ya yi ritaya a 1953, bayan fiye da shekara 30 yana sanye da kaki, kyaftin na girmamawa aka ba shi, kuma kyaftin ɗin ma yana ƙasa da manjo. Duk da haka sunansa ne barikin Lokoja yake ɗauke da shi a yau. Darajarsa ta samanja ce, kuma wanda ya rubuta Manjo Chari Maigumeri ya ɓata tarihi, bai ƙara masa komai ba.

Kuskure na biyu ya fi na farko yaɗuwa, musamman a wurin masu fassara fina-finai da labaran ƙasashen waje. Da zarar sun ga soja mai faffaɗar hula ya kusanto da fuskarsa ga ta kurtu yana kwarara masa ihu, sai su ce ga samanja. Wannan mutum shi ne wanda sojojin ƙasa na Amurka ke kira drill sergeant, kuma sunan aiki ne, ba sunan muƙami ba. Tun 1964 suke da tsarin zaɓo masu muƙamin saje da sitaf saje da wanda ke bi masa, a ba su horo na musamman, a damƙa musu sababbin kurata na tsawon mako 10 na horon farko, in wa'adinsu ya cika kuma su ajiye hular su koma rundunoninsu. Samanja a can ma yana ƙololuwar tsani, hawa biyu ko uku, wani lokaci har huɗu, a saman mai hular nan. Haka abin yake a Zariya: waɗanda ke kwana su tashi da kurata, su koya musu ƙamewa da sarawa da maci da kwance bindiga da ɗaura ta, mafi yawansu kofur ne da saje da sitaf saje. Samanja yana samansu, yana duba aikinsu, kuma in ya fito fili da sandarsa a hammata, malaman ma gyara tsayuwa suke yi. Sandar nan ba ta duka ba ce, sojojin da suka gaji tsarin Ingila suna buɗe ta ne a auna tsawon taku, inci 30 a maci na yau da kullum, domin sahu ya daidaita.

To me za a rubuta? Ni dai mai horar da kurata nake rubutawa a karon farko, in kuma na san muƙaminsa sai in ci gaba da cewa sajen, ko kofur ɗin. A wasan kwaikwayo, inda ake son gajeren suna a bakin ɗan wasa, nakan yarda da malamin fareti. Na san akwai masu cewa samanja ta fi daɗi a kunne, kuma mai sauraro zai fi saurin ganewa. Gaskiya ne ta fi daɗi. Amma a cikin masu sauraron nan akwai dubban mutanen da suka tashi a bariki, daga Bukavu ta Kano zuwa Giginya ta Sakkwato, kuma da sun ji an kira mai igiya uku samanja sun san marubucin bai taɓa leƙa ƙofar bariki ba, daga nan kuma ba za su ƙara yarda da komai a cikin labarin ba.

A nan ne nake son in yi wa matasanmu faɗa, domin wannan ba rashin sani ba ne kawai, akwai lalaci a ciki. Mutum yana da kawu tsohon soja a unguwa, yana da maƙwabci ɗan fansho da ke zaune a ƙofar gida kullum da yamma, amma ba zai je ya gaishe shi ya yi masa tambaya ta minti biyar ba, sai ya zauna da waya a hannu yana kintace. Mafi yawan abin da suka sani game da samanja daga sansanin masu yi wa ƙasa hidima suka samo shi, inda suka yi mako 3 ana tashinsu da asuba da busar bigila, suka ga wani soja ana kiransa RSM, suka dawo da labarin cewa duk mai tsawa shi ke nan. Mako 3 ba ya isa mutum ya san bariki, balle ya rubuta littafi a kansa. Wanda zai rubuta labarin likita yana jin kunyar kiran malamar jinya likita, to me ya sa ba a jin wannan kunya a kan soja?

Daga wannan ne kuskure na uku ya samo tushe, wato mayar da kalmar sunan mugu. Hausawa sun daɗe suna aron samanja su ɗora wa farar hula: shugaban makarantar da ke tsayawa a bakin ƙofa da agogo a hannu, uban da ba a shiga gidansa bayan sallar isha'i, uwargidan da ba ta yarda a bar kwano ya kwana ba a wanke ba. Wannan aro daidai ne, kuma akwai girmamawa a cikinsa ko da an faɗe shi da ƙorafi, domin ana nufin mutum mai ƙa'ida, wanda ba sani ba sabo, wanda dokar da ya kafa shi take fara hawa. Amma na sha ganin an rubuta cewa mijin wance samanja ne saboda yana dukanta, ko maigidan shago samanja ne saboda yana hana yaransa haƙƙinsu. Waɗannan suna da sunayensu a Hausa, azzalumi ne, mugu ne, maƙetaci ne. Al'adata ita ce in tambayi marubucin: wannan mutum da ka kira samanja, shi yana bin dokar da yake tilasta wa wasu? In amsar a'a ce, sai in soke kalmar. Tsanani daban, zalunci daban, kuma wanda ya cakuɗa su ya yi wa azzalumin ado, ya kuma zubar da mutuncin mai ƙa'ida.

Ba ina cewa babu mugaye a cikin masu horar da kurata ba. Akwai, kuma su kansu rundunonin duniya suna sake duba hanyoyinsu, har sojojin ƙasa na Amurka suka daina a 2020 al'adar nan ta taron dangi da malamai ke yi wa sababbin kurata da ihu a ranar farko. In marubuci yana son ya nuna malamin da ya wuce gona da iri, to ya nuna shi da aikinsa, ya kira shi mugun malami, kada ya bar wa sunan muƙami ɗaukar laifin.

Akwai wata kalmar Turanci da ke yawan faɗa wa masu fassara a hannu, wato martinet, kuma ita ma samanja suke mayar da ita. Asalinta sunan mutum ne, Jean Martinet, wani hafsan Faransa na zamanin Sarki Luwi na 14 wanda ya yi suna wajen tsananta fareti da ladabi a rundunar ƙasa, aka kuma kashe shi a 1672 wajen kewaye garin Duisburg da harbin igwar ɓangarensa. A Turanci ana faɗinta ne ga mai nacewa kan ƙananan dokoki fiye da kima, soja ne ko farar hula, kuma akwai ɗan zargi a cikinta. Ni mai tsananin ƙa'ida nake sawa, ko in ce mutum ne da ba ya ɗaga ƙafa ko a kan abin da bai taka kara ya karya ba. 'Yan'uwanmu na Nijar masu fassara daga Faransanci kuma su lura, a can kalmar bulala ce mai harsuna da yawa, ko wani tsuntsu mai kama da tsattsewa, ba ta nufin mutum.

Sai maganar harshen da ake sa wa samanja a baki. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a Nuwamban 2023, tsohon soja ne, kuma wasansa na Samanja Mazan Fama shi ya shigar da kalmar cikin gidajen da ba su da ko soja ɗaya. Barikancin da yake yi ba ƙirƙira ba ce, Hausa ce ta gaske da ta tsiro a inda aka tara Tibi da Angas da Barebari da Dakarkari da Zabarmawa da sauransu a rufi ɗaya, kowa da harshen uwarsa, Hausa da guntayen Turanci suka zama mahaɗarsu. Kuskuren shi ne a ɗauka kowane samanja, a kowane zamani, haka yake magana. Na karanta labarin da aka ce yana faruwa a shekarun nan, samanjan ciki Bakatsine ne haifaffen birni, amma an sa shi yana ce wa mace kai, yana ce wa namiji ke. In labarinka na zamanin dawowar 'yan Bama ne, ko na yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, kuma mutumin ba Bahaushe ba ne, barikanci ya dace. In ba haka ba, bar shi ya yi Hausarsa, umarnin fareti kaɗai ya fito da harshen fili.

Kalmar horo ma tana da tarko, domin tana ɗaukar koyarwa, tana kuma ɗaukar hukunci. Jimla kamar saje ya ba kurtun horo ba ta gaya wa mai karatu ko koya masa aka yi ko tsallen kwaɗo aka sa shi. Nakan rubuta ya horar da shi in koyarwa ce, ya hukunta shi ko ya ba shi gwale-gwale in laifi ya yi, in kuma abin ya kai ga tsarewa sai in ce an kai shi gadurum.

Sauran ƙanana ne, amma suna taruwa su ɓata shafi. Kurtu ba sunan kowane ƙaramin soja ba ne, ranar da ya yi faretin fita ya daina zama kurtu. Ɗalibin NDA ba kurtu ba ne, hafsa ne mai jiran gado, ko da yake shi ma samanja ne ke gyara masa taku, wato yana horar da wanda gobe shi samanjan zai ƙame masa. Fareti jeruwa ce da maci a fili, atisaye gwajin aiki ne, rawar daji kuwa fita ce ta kwanaki a jeji, kada a musanya su. A tsarin da aka gada daga Ingila hafsa ake sara wa, don haka kada ka rubuta cewa bataliya ta sara wa samanja, ƙamewa ake yi a gabansa. Masu ƙyamar kalmar aro da ke maye gurbin samanja da Sarkin Yaƙi ko Madawaki ko Barde su daina, waɗannan sarautu ne masu masu su da tarihinsu a fadojin sarakuna, kuma samanja ta fi shekara 100 a bakin Bahaushe, ta zama 'yar gida.

In labarin na sojojin Nijar ne, kada a kwaso musu muƙaman Nijeriya. Tsarinsu na Faransa ne, kuratansu a Tondibiya kusa da Yamai ake horar da da yawa daga cikinsu, kuma wanda ya fi kusa da matsayin samanja a wurinsu shi ne ajidan, kamar yadda kumandan yake a madadin manjo. Game da rubutu kuwa, nakan sa babban baƙi in kalmar ta zo gaban suna, Samanja wane, in bar ta da ƙarami in ita kaɗai ce. Jam'inta samanjoji. Saje nake rubutawa in yana tsaye shi kaɗai, Sajan in suna zai biyo baya, ko da yake na san masu sa ɗaya a ko'ina kuma ba na jayayya da su. In mace ce ke riƙe da muƙamin, kalmar ba ta canzawa, abin da ke biye da ita ne yake komawa na mace: samanjar ta iso, ta duba sahu, ta sallami kurata.